Maƙogwaron Layinmu

Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Fasto, Malam Liman, dattawan Angwan Iya, Mama Filomina da 'ya'yanki, jama'a maza da mata, ina yi mana gaisuwar rashi.

Shekarun baya aka kawo mini magana, wai maƙwabcinmu Haggai, tun da ya yi ritaya daga aikin hanya, ya koma binne asiri a layi. Wai an gan shi durƙushe da ƙusa yana tono. Na ce asirin da ake binnewa da rana tsaka, 'yan acaɓa na wucewa, ai ba abin tsoro ba ne. Na dai taka na je.

Kun san layin nan kafin ya shimfiɗa mana duwatsun daɓe na intalok. Damina na faɗuwa, ruwa zai shigo ya same mu har kan tabarma. Shi ya jera duwatsun, ya bar 'yar tazara tsakaninsu, ya cika ta da tsakuwa. To, laka na tarar yana ƙwaƙulewa daga tazarar.

Na ce, "Injiniya, me ya ɓace?"

Ya ce, "Malam Ɗan'azumi, maƙogwaro nake share wa ƙasa. Ta nan take shan ruwa. In ya toshe, kai za ka sha."

Ya kasance kafin kowace damina sai ya bi layin nan da ƙusa da tsintsiya mai tauri, ya fitar da laka da ɓawon gyaɗa, ya zuba sabuwar tsakuwa. Ya kasance mai faɗa da matanmu kan ruwan wanke-wanke mai maiƙo, har suka sa masa Duba-gari, shi kuma yana amsawa. Ya kasance in tifa ta juye yashi a kan layi, ba ya zama sai an kwashe. Bara gwiwoyinsa suka ƙi. Aka fito masa da kujera, yana nuni da sanda, ana ƙwaƙule masa. Mun kwana a busassun ɗakuna shekara da shekaru, har muka manta da wanda ke durƙusawa.

Mama Filomina, ki yi haƙuri. Ke kika yi ta gasa gwiwoyin nan da ruwan zafi, mun sani.

Saura ku, matasanmu. Na ji kun shirya girmama shi: za ku shafe layin da siminti ya yi sumul, ku rubuta sunansa. Niyyarku mai kyau ce. Amma ranar da kuka yi haka, kun shaƙe maƙogwaron. Gidan da ke can gangare kuwa, wanda ruwa zai fara shiga, nasa ne. Ku ajiye simintin, ku nemo ƙusa. Hadari ya fara haɗuwa.

Mun gode da zuwanku. Allah ya ji ƙan Haggai, ya ba shi hutu, ya ba iyalinsa dangana.

Ku matasa, kada kuma ku tsaya neman wanda ya kai ƙararku. Na ji a bakin mutane ban kula ba. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe, jiya da yamma, ga ta nan zaune a gabanku. Mama Filomina ce. Nauyinku take ji, ta kasa ce muku a'a.