Ranar da Talatu Ta Ɓata Kiɗan Tulu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ku yi mini haƙuri idan harshena ya yi nauyi, bakin bai gama komawa daidai ba tukuna.

Yawancinku kun san ni. Ni ce Veronika, mai kiɗan tulu a zumuntar mata. Tun ina amarya nake bin matan nan duba marasa lafiya, daga nan Gusau har Tsafe da Bungudu, mu share musu ɗaki, mu dama kunu, mu yi waƙa. Ban taɓa kawowa a raina wata rana ni za a zo dubawa ba.

Wata safiya ina tankaɗe, rariya ta suɓuce mini. Na ce hannu ya ɗauka, ya ƙi. A asibiti suka ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin dama. Da aka sallame ni, likita ya ce in riƙa motsa hannun kullum, in ba haka ba zai sandare ke nan.

'Yan'uwa, ban motsa ba. Na juya fuskata bango. Ina tsoron in gwada ya ƙi, gara in zauna ban sani ba. Fada, limamin cocinmu, ya kawo mini Jibi Mai Tsarki na karɓa, amma zuciyata a rufe take. Matan zumunta suka raba kwanaki, wannan wanki, wannan tuwo, ni kuwa ko sannu. Kunya ta ishe ni, wai ni ake wa wanka!

Maƙwabciyata Inna Hassi, Musulma ce mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita ma kullum tana shigowa da man kaɗanya ta murza mini yatsu. Sai ta ce, "Baronika, hannun ga bai mutu ba, ke ce kika yi fushi da shi." In yi banza da ita.

Rannan bayan ta fita na fashe da kuka. Na ce, "Yesu, na gaji. Ƙarfin gwadawa ma ba ni da shi. In kana son hannun nan ya ƙara yi maka aiki, kai za ka tashe shi." Carbina yana hannun hagu, ko "A gaishe ki Maryamu" ɗaya ban iya kaiwa ƙarshe ba.

Da Alhamis ta zagayo sai ga mata sun cika mini tsakar gida. Talatu, ƙawata da muke faɗa kamar harshe da haƙori, ta leƙo ta ce, "Ana gyaran rufin coci, nan za mu koyi waƙa. Ke yi kwanciyarki."

Suka shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakina. Da na ga Talatu ta rungumi tuluna, na ce yau mun shiga uku, don matar nan ko tafi ba ta iya yi daidai ba.

Wayyo! Waƙa gabas, kiɗa yamma. Na toshe kunne da filo, bai hana ba. Na ce, "Talatu, kin riga waƙar!" Ta ce, "Na'am? Ba na jin ki," ta ƙara dagula shi. Inna Hassi ta leƙo ta katanga ta ce, "Mi wanga? Sakwara kuke kirɓawa?"

Raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ja jiki na kai bakin ƙofa ba. Na ce, "Kawo nan kafin ki kashe mu!" Na fizge mabugin daga hannunta, na buga a bakin tulun. Sautin ya fito a raunane, amma a kan waƙar ya faɗa. Na ƙara bugawa.

Sai na ga kowa ya zuba wa hannuna ido. Na duba ƙasa. Hannun dama ne! Yana rawa, amma ya riƙe.

Talatu ta durƙusa tana kuka tana dariya. Ta ce, "Ba abin da ya sami rufin coci. Mun yi addu'a, mun yi lallashi, kin ƙi. Na ce a bar ni da ita, na san masifarta ba ta shanye ba."

Allah mai ban mamaki! Na roƙe shi ƙarfi, ya aiko mini da wadda ta fi kowa iya ba ni haushi. Daga ranar na fara motsa hannun, na koma asibiti, ina shan maganina. Makon jiya har Bungudu na bi su, na yi wa wata tsohuwa kitso.

Na gode wa Yesu. Na gode muku matan zumunta, da Inna Hassi da ba ta nan amma za a kai mata saƙo. Wanda ke kwance ya juya wa bango fuska, kada ya fid da rai, ya buɗe ƙofa in an yi sallama, ya dogara ga Ubangiji.

Yanzu Talatu, miƙo mini tulun nan, ki koma can baya wajen masu amshi. Mu tashi mu yabi Yesu!