Gefen Kwandon Gabas

A tashar motar Kubwa, ana jiran bas ta cika, wani saurayi ya karkato da wayarsa wajen dattijon da ke kusa da shi a benci.

"Baba, dubi ɗakin ƙwallon kwando na Kigali. Bara na je kallo. Ga sanyi, ga fitilu, gumi na ɗiga ana gogewa."

"Na gani."

"Namu na nan kuwa, rufi kamar rariya. Da ruwa ya sauko sai mu 'yan layin gaba mu tuɓe riguna, ana tsayawa hutu mu ruga mu goge ƙasa da su."

"Gefen kwandon gabas ya fi yoyo," in ji dattijon.

"Ashe kana zuwa! Amma wallahi namu ya fi armashi. Can kowa a zaune kamar ofis. Ka tuna dogon nan mai lamba tara, da ya yi tsalle ya sauko kan ruwa ya zame ya faɗi? Muka dinga ihu ya tashi ya daina pretending, ƙaryar ciwo yake. Har waƙa muka yi masa!"

"Ina wurin. Na ji waƙar."

"Wane kulob ya koma ne?"

"Yana gida. Fu'ad sunansa, ɗana ne."

Dattijon ya jawo tayar keken guragu daga ƙarƙashin benci, da sabuwar walda a jikinta.

"Daga gyara nake, tun safe yana kwance yana jirana. Kwantar da hankalinka, yaro. Ban taɓa tambayar rigar wa ce ba ta kai wurin da ya zame ba."