Kaftanin da Na Kulle a Akwati

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Ladidi, tela ce ni a Tudun Wada.

Shekara uku ina mutuwar son wani jarumin fim, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Har kaftani na ɗinka masa, aljihun ya karkace, na kulle shi a akwati, ban nuna wa kowa ba.

Jiya ina kallon sabon fim ɗinsa, sai ga shi a bakin ramin haƙar kuza na Naraguta, sanye da kaftanin nan, har karkataccen aljihun. Nan take na tashi na buɗe akwatin. Kaftanin na nan a ninke, amma a jiƙe yake, duk jar laka.

Masu sauraro, ku ba ni shawara don Allah: in ƙona shi, ko in wanke masa?