Ranar da Na Ɗanɗana wa Gwamnati Tuwo

Akuyar Inna ce kuɗin motata. Ta sayar da ita ran kasuwar Gwandu, ta damƙa mini kuɗin tana hawaye, sai ka ce Ikko zan tafi. Ku bar dariya, yara, Kalgo ma ci-rani ce in ba ka da kowa can.

Na samu aiki a wata gonar gwaji cikin fadama, wajen Diggi. Shugabarmu wata mata ce mai tabarau, Dakta muke ce mata. Ranar farko ta ce, "Mamman, akwai baraiti iri-iri a gonar nan, ka sa ido."

Na ce, "Ɓarayi iri-iri? Hajiya, a ba ni kulki!"

Ashe irin shinkafa take nufi. Kowace da 'yar kunyarta da allonta, lamba kawai, babu suna. Wai sai manya sun zo daga Abuja sun gani, an yi mata rajista, kana a raɗa mata suna kamar jinjiri. Kafin nan ko ƙwaya ba ta fita, har aljihu ake laluba mana. Tsuntsu ne kaɗai bai san doka ba, shi ya sa aka ɗauke ni in riƙa yi masa ihu.

Tsohon da ya ba ni hayar ɗaki kuwa kullum sai ya tare ni.

"Ina 'yar shinkafar gwamnati?"

"Baba, ba a raɗa mata suna ba tukuna."

"To, yaushe cikina ya taɓa tambayar suna?"

Bayan girbi manyan suka iso. Sun auna, sun shinshina, saura manomi ya ɗanɗana a gabansu. Manomin da aka gayyata kuwa ya tafi jana'iza. Dakta ta rikice, wahalar shekaru za ta tashi a banza. Ta fizgo ni, aka zura mini babbar rigar direba, aka zaunar da ni gaban kwanukan tuwo, kowane iri da kwanonsa.

Babu wanda ya gaya mini loma guda ake yi. Mu kuwa a gidanmu rage tuwo raini ne ga mai tuƙi. Na yi bisimilla na share na farko, na share na biyu. Dakta tana ta zare mini ido, ni na ɗauka cewa take in yi sauri. Na ƙara wuta.

Can wajen tsakiyar layin kwanukan numfashi ya fara gagarata. Gumi ya jiƙa rigar direba. Na ji zan kife, sai na rungume kwanon da ke gabana, hawaye na zuba.

Babban mutanen Abuja ya miƙe tsaye. "Kun gani? Manomi ya rungume ta yana kuka!"

Aka ɗauki tafi. Ashe irin da Dakta ta fi ƙauna ne. Ita ma ta fashe da kuka, amma nata na murna ne. Daga baya na ji an yi wa irin rajista.

A bayan mota aka maido ni garinmu Kambaza, kwance tsakanin buhuna. Mutane suka ga tumbi ya yi gaba, suka ce Mamman ya yi arziki. Kafin in iya buɗe baki sun naɗa ni shugaban manoman unguwa.

Ciki dai ya saɓe cikin kwana biyu. Kujerar kuwa har yau ina kanta.