Na So In Jira Tumatir Ya Nuna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Yohanna, manomin rani daga gefen Bunkure. Da an bar ni da taurin kaina, da yau ba na tsaye a gabanku.

Wata huɗu ina ganin jini a bayan gida. A wurinmu wa zai damu? Mu masu yini cikin ruwan gona, sai mu ce basir ne ko tsargiya, mu sha jiƙo, mu koma aiki. Sai da wandona ya fara zamewa matata Saratu ta ja ni asibiti a Kano.

Likitar, Allah ya yi mata albarka, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, "Baba, ciwon daji ne a babban hanji. Amma bai kai hanta ba, kuma da sauran ƙarfinka. In an yanke shi yanzu, akwai fata sosai. In ya bazu, sai dai mu rage maka zafi."

Ku ji wautata! Na ce ta bari tumatir ɗina ya nuna tukuna. Ban daɗe da yin dashe ba, kuma ban ruwa bi da bi ake yi, in ranarka ta zo ba ka nan, na gaba ya janye ruwan, fangalin gonarka ya bushe.

Na dawo na durƙusa a bakin gona, na ce, "Ya Ubangiji, tsoro nake ji. Ka nuna mini abin yi." Ban tashi ba sai ga Malam Garba, Musulmi ne, maƙwabcin gonata. Ashe Saratu ta gaya masa.

Ya ce, "Haba Yohanna! Tumatir ne zai riƙe maka 'ya'ya? Ban ruwan gonarka yana wuyana. Tashi ka tafi."

Aka yi mini aiki, na jure allurai har ƙarshe. Malam Garba, bawan Allah, kullum gonata yake fara shayarwa. Satin da ruwa ya yi ƙaranci, albasarsa ce ta bushe, bai taɓa gaya mini ba. Ban san irin wannan mutum ba!

Wanda ke gado kusa da ni a asibiti, shi ya jira ya gama yankan shinkafa kafin ya zo. Bai koma gida da ƙafarsa ba.

Ni kuwa shekara uku ke nan ana duba ni, ba a ga komai ba. Na gode wa Yesu! Ɗan'uwa, in jikinka ya canja, ka yi addu'a, ka dogara gare shi, sannan gobe da safe ka shiga mota zuwa asibiti. Halleluya!