Man da Alhaji Bawa Ya Shinshina

Kuɗin da na tafi Ikko da su na akuyar innata ne. Ita kaɗai ta rage mata a shekarar farin nan, bayan an canza kuɗi an koma naira, ta ce a kai ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Abin da aka samo ta ɗinke mini a ƙugun wando, wai kada a yanke mini aljihu a hanya. Na hau jirgin ƙasan Nguru a Gagarawa, na sauka Kano na canza wani. Kai Sabi'u, da ku sauran yaran garejin nan, ku bar wannan dariyar, a lokacin jirgin yana tafiya, har shayi ake sayarwa a ciki.

Ni ba dako ya kai ni ba, ba kuma gadi ba. Kanikanci na je koyo. A zamanin nan in mota ta mutu a ƙasar Gumel sai ta yi sati a yashe kafin a ɗauko makaniki daga Kano. Na ƙudura a raina zan dawo in kafa rumfa a bakin tashar Gumel, a riƙa cewa Habu ɗan Malam Isa shi ne mai gyaran mota. Sunan nake nema, don makaniki ba shi da wani jari da ya wuce a yarda da hannunsa.

A Agege na faɗa hannun wani Bayarabe, Oga Lamidi, gajere, mai faɗan tsiya, wanda ya koyi Hausa a Zariya. Abu yake ce mini, har muka rabu bai iya cewa Habu ba. Amma fa ya san ƙarfe. Shi ya kwantar da ni ƙarƙashin jif ya nuna mini wuri uku. Ga giyabos. Ga taransfa, ɗan akwatin da ke tura ƙarfi zuwa ƙafafun gaba in an shiga rairayi. Ga kuma tukunyar da ke tsakanin tayoyi, wai difarenshal. Wata shida ina cewa difaranshali, 'yan gareji na riƙe ciki don dariya, su da ko sannu ba su iya faɗa daidai ba. Da na gaji na gutsure ta na bar difa, ga shi yau duk kun gaje ta a bakina.

"Abu, kowa da abincinsa," in ji shi. "Giyabos da taransfa ka ba su lamba casa'in mai sauƙi, don akwai zobban tagulla a cikin giyabos, mai in ya cika ƙarfi cinye su yake. Difa kuwa sai mai kaurin nan mai wari. Haƙoranta ba haɗuwa kawai suke ba, gugar juna suke yi. Warin da kake ji, maganin da ke hana su cin juna ne."

Warin kuwa kun san shi, kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in ya kama riga sabulu ba ya fitar da shi. A kansa muka sha rigima da mai gidan hayarmu, Mama Sikira.

"Aboki, me ya mutu a ɗakinka?"

"Man difa ne, Mama."

"Kwashe tsummokaranka daga igiyata."

"To ina zan shanya?"

"Garinku."

Matar da ke banda kifi a tsakar gida tun safe har la'asar, hayaƙi har cikin kokonmu, wai ita ce ke jin warina. Shekara biyu da rabi a kan katangar makwabta nake shanya.

To, saura wata huɗu a yaye ni, abin da suke kira firidom, a ba ni takarda da hoto, sai ga Alhaji Bawa a Ikko. Ba ku san shi ba. Shi ne babban dillalin man gyaɗa na Maigatari, mata daga ƙauyuka har tsallaken iyaka shi suke kawo wa mai. Babana shekara ashirin yana yi masa awo, kuma a shekarar farin hatsin rumbunsa muka ci. Tun da nake ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Ya sayi jif na hannu a wajen wasu masu gina hanya, don ya riƙa ratsa rairayi, ya ce a nemo masa ɗan Malam Isa ya duba masa ita kafin ya kama hanya. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Na ce shi ke nan, motar nan in ta isa gida ita za ta yi mini shela.

Oga ya duba komai, ya ce in juye mata mai duka, shi zai shiga gari neman wani ƙarfe. Alhaji na zaune a benci yana jan carbi. Na zuba wa giyabos nasa, na zuba wa taransfa, sannan na ɓalle murfin gwangwanin man difa. Sai na ga carbin ya tsaya.

"Ɗan Malam Isa, mene ne wannan?"

"Man difa ne, ranka ya daɗe."

"Miƙo nan."

Ya tsoma yatsa, ya murza, ya kai hanci, ya ɗaga sama yana duba shi a rana, daidai yadda yake yi wa matan da ke kawo masa mai a kwalla. Ya goge yatsan a jikin benci.

"Wannan mai ya lalace. Shekara talatin ina sayen mai. Mace ta kawo mini mai mai wannan wari, ko kyauta ba na karɓa."

"Ranka ya daɗe, haka ake yin sa. Warin..."

"Haka suka gaya maka. Sun ga baƙo, za su juye mini kwantai. Wancan fa?"

Ya nuna galan ɗin man inji, sabo, garai-garai, sai ka ce yanzu aka matso shi daga tunkuza.

"Na inji ne, ranka ya daɗe, ba shi da kauri."

"Inji da ke cin wuta ma ya ishe shi, balle wata tukunya da ke ƙasa tana shan iska? Tsiyaye abin da ka zuba, ka sa mini mai na gari a duka."

"Alhaji, difar za ta..."

"Au, abin da Ikko ta koya maka ke nan, musu da manya? Sai in gaya wa Malam Isa ya sha kuruminsa, ɗansa ya waye."

Wallahi har yau ban manta ba. Na san daidai, na san ba daidai ba, ba wanda ya rufe mini ido. Amma da ya ambaci babana sai na bar musun. Na koma ƙarƙashin mota na kwance ƙusoshin, ina kallon lafiyayyen mai na zuba a kasko, na ɗauko na inji na ɗura. Ya sa mini albarka, direbansa ya ja mota suka tafi zango.

La'asar Oga ya dawo, ya ga gwangwani cike, galan ba komai. Bai ma tambayi kowa ba.

"Abu, ka san abincin difa?"

"Na sani."

"Me ka ba ta?"

"Oga, dattijo ne, uban gidan babana ne."

"Difa ta san dattijo?"

Ya ce wanda bai sani ba zai iya koya masa, amma wanda ya sani ya yi, ba shi da sauran abin da zai koya masa, in kwashe kayana. Na ruga zango ko zan tarar da su, aka ce ai tun azahar suka ɗau hanya. Ba waya, ba wanda zan aika. Ba firidom, ba takarda, ba hoto. Dakon da na ce ba shi ya kai ni ba, shi na yi wata biyu kafin na haɗa na jirgi.

Labari ya riga ni isa gida. Tun daga Zariya wai bayan motar ke kuka, Alhaji ya ce sabon wuri ne ba ta saba ba. Sati biyu da isowarta, an labta mata duro-duron mai, ta shiga rairayin da ke tsakanin Maigatari da nan Sule Tankarkar, difa ta cije. Shanun huɗa suka jawo ta gari, yara na binta da ihu. Makanikin da aka ɗauko daga Kano ya buɗe, ya tarar haƙora sun zube, ya ce a gaban jama'a wane jahili ne ya zuba man inji a nan. Kowa kuwa ya san wanda ya duba motar, Alhaji da bakinsa ya yi ta faɗa kafin ta mutu.

Ban damu sosai ba, don na ce ai Alhaji na nan, shi zai wanke ni. Babana ya sa ni gaba muka je gaisuwa. Zaure cike, masu awo, fatake, har da liman. Muka durƙusa. Na ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ka tuna ai kai ka ce in tsiyaye wancan in zuba wannan."

Ya dube ni, ko gezau. Ya ce, "Ƙwarai, ni na ce. To ni mai man gyaɗa ne, me na sani a mota? Kai aka sayar wa akuya aka tura koyo. Don na ce ka zuba, kai da ka sani sai ka zuba?"

Zaure ya ɗauki "gaskiya ne, Alhaji". Mutumin da ya ce na koyo musu da manya, yau shi ke tuhumata don ban yi musun ba. Na buɗe baki, sai na ji hannun babana a kan ƙafata, ya matse. A hankali ya ce, "Habu, ba shi haƙuri." Na dubi tsohon, idonsa na ƙasa. Ni aka kora daga aiki, ni aka kira jahili, ni kuma na ba da haƙuri.

Rumfar bakin tashar Gumel ban kafa ta ba. Wa zai kawo mini mota? Na tattaro na dawo nan, shekara shida ina facin taya kafin wani direba baƙo, wanda bai san labarin ba, ya bar ni na shiga ƙarƙashin motarsa. Motocin da suka bi ta hannuna daga ranar zuwa yau, Allah kaɗai ya san yawansu, kuma ba wadda ta dawo da kukan difa.

Watan jiya na je ta'aziyya Gumel. Alhaji Bawa ya daɗe da rasuwa, babana ma haka, jif ɗin ko ƙarfenta babu. Ina zaune a tabarma da furfurata, wani saurayi ya tambayi tsohon da ke gefensa ko wane ne ni. Tsohon ya sunkuya, a zatonsa ba na ji, ya ce, "Ɗan Malam Isa ne. Shi ne ya kashe motar Alhaji Bawa."