Hoton Wuyan Inna Hure

ZULIHA: Salamu alaikum, Baba. Zuliha ce, daga asibitin Kano.

MALAM BADARU: Wa alaikumus salam. Ya mai jiki? Ya birni? Kun samu ruwa jiya? Mu nan Tsanyawa gero har ya...

ZULIHA: Lafiya lau, Baba. Gobe da safe za a yi wa Inna tiyata. Likita na neman takardar hoton nan.

MALAM BADARU: Wane hoto? Na aurenku?

ZULIHA: Na wuyanta! Ƙullutun nan kamar ƙwayar wake da ke zuƙe mata ƙarfin ƙashi. Hoton farko bai nuna shi ba, sai da aka yi mata allura aka sa ta cikin babbar na'ura. Takardar ce ta nuna ko hagu yake ko dama.

MALAM BADARU: Allah mai iko. A zamaninmu Malam Usmanu mai magani da yatsa yake... Halo?

ZULIHA: Ina ji. Baba, in babu ita sai a ɗaga aikin, na'urar kuma wata uku ke nan ba ta aiki. Ina ka ajiye?

MALAM BADARU: Kwantar da hankalinki. Na ga abu mai daraja ne, na ninke na kai wa baduku ya ɗinke. Layar da ke wuyanta, ita ce.

ZULIHA: Laya? Tsaya in farke... Baba, wannan rubutunka ne. Addu'ar cin abinci ce.

MALAM BADARU: Af! Ta san nomana ce. Layu biyu na kai ranar, da ya ƙi cin harawa. Uwar taki tana cin abinci kuwa?

ZULIHA: Kamar ba mara lafiya ba.

MALAM BADARU: Kin gani! Ta ci.

ZULIHA: Wato hoton Inna na wuyan sa? Maza a kwance layar!

MALAM BADARU: Ai yayanki Usaini ya kora shi kasuwar Ɗanbatta tun asuba. Hatsi ya ƙare.

ZULIHA: Innalillahi! Kira shi!

MALAM BADARU: Wayarsa ce a hannuna. Amma na gargaɗe shi kada ya rabu da shi da arha, ya gaya wa mai saye layar nan sai da aka je har Kano aka...

ZULIHA: Baba! Wane launi ne san? Baba? Halo!